Wayar da na sayar a Suame

Shekara 22 ke nan ina sayar da kayan wutar mota a Suame Magazine, a nan Kumasi: batir, altaneta, fis, waya. Kayan manyan motoci sun fi yawa a shagona, su ne masu volt 24, wato batir biyu na volt 12 a jone baki da baki.

Ɗan ƙanena yana aiki da motar ƙugiya a wuraren gini. Shi ne mai ɗaura kaya a ƙasa, ya ɗaga wa direba hannu. Uwarsa ba ta taɓa son aikin nan ba, tun 2015 da ƙugiya ta faɗo wa alhazai a Harami. Ni ne kullum mai ba ta baki.

Da damina mai wayarinsu ya zo neman waya mai kauri, wadda za ta ɗauki wuta daga batir zuwa ɗakin direban ƙugiya. Ina da wani sabon nadi da na saro da araha. Arahar ta ɗan tsaya mini a rai, amma na ce kasuwa ce ta yi kyau. Na auna masa, ya biya, ya tafi.

Mutane suna zaton injin dizal da man haidirolik su kaɗai ke aiki a ƙugiya. Ƙarfin ɗagawa nasu ne, gaskiya. Amma wuta ce ke buɗe wa man hanya, ita ke riƙe da kwamfutar da ke auna nauyi da nisan hannu, ita ke tsayar da ƙugiya kafin ta daki kan hannun. Wutar ta yi ƙasa, kwamfuta ta ɗauke, komai ya tsaya cak.

Haka kuwa aka yi bayan wata biyu. Damin rodi yana sama, wajen hawa na uku, motar ta ɗauke. Allah ya sa masu ƙera ta sun yi mata bawul da birki masu riƙe kaya idan wuta ta tafi, rodin bai faɗo ba. Ya dai yi ta lilo a iska fiye da awa biyu, aka kori kowa daga ƙarƙashi, har aka sauke shi a hankali da hannu.

Da magariba yaron ya shigo shago da guntun waya, bakinta ya ƙone. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, ka kankare ta ka gani."

Na sa wuƙa. Jan ƙarfen fenti ne kawai a sama, cikin fari fat, alminiyom. Shi kuwa bai ɗaukar ko kashi biyu cikin uku na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, ga shi yana saki a wurin ɗauri, danshi ya ci shi, ya yi zafi. Ni da nake koya wa yaran shago su ɗaga waya su ji nauyinta, ban ɗaga wannan ba. Ko kuma na ɗaga, na ƙi ji.

Na mayar wa mai wayarin kuɗinsa, na ba shi ta gaske kyauta. Sauran nadin na sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Mutum huɗu na tuna sun sayi irinta, na samu uku. Na huɗun direban tirela ne mai zuwa Wagadugu, har yau ina cigiyarsa a tasha.

Uwar yaron ba ta san wayar daga shagona ta fito ba. Ya ce in bar masa wannan, ni kuma ban yanke shawara ba tukuna.