Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo

Har yau rasit ɗin yana nan cikin tsohon fayil ɗina, ya yi ja, ruwa ya cinye rabin rubutun. Abin da ake iya karantawa shi ne: ɗaki ɗaya, wata 24, sidi 1,920. A ƙasa kuma dangwalen yatsan Hajiya mai gidan. Rabin kuɗin nan nawa ne, ko in ce na Mma, mahaifiyata, wadda ta shekara tana zubin adashi da cinikin koko da ƙosai a Aboabo, can Kumasi. Ranar da ta kwashi adashin ko ɗankwali ba ta saya wa kanta ba. Ta ƙulle kuɗin a leda, ta ce in cusa a safa har in sauka daga mota. "Ka nemi ɗaki mai ƙofa da makulli," in ji ta, "sauran kuma Allah zai rufa asiri."

A watan Agustan 2014 na iso Accra, wadda mu 'yan zango muke kira Ankara, don fara karatu a wata babbar makaranta da ke tsakiyar gari. Ɗakunan kwanan ɗalibai sun cika tun kafin in zo. A layin rajista na haɗu da wani yaro ɗan Bawku mai irin matsalata, muka yanke shawarar haɗa kuɗi mu kama ɗaki ɗaya. Kwana shida muna bin wani dillali. Ya kai mu Nima, ya kai mu Maamobi, kuma duk ɗakin da za a buɗe mana sai mun ba shi kuɗin ƙafa. Daga ƙarshe ya kawo mu Abossey Okai.

Wanda bai san Abossey Okai ba, ya ƙaddara kasuwa ce ta kayan gyaran mota da ta haɗiye unguwa. Injina da ƙofofi da gilasai jibge a bakin titi, ƙasa ta yi baƙi da baƙin mai, guduma ba ta hutawa daga hantsi zuwa magariba. Amma a bayan shagunan akwai gidaje, akwai mata masu sayar da wake da shinkafa a ganye, ga babban masallacin Juma'a, ga Sabon Zango a maƙwabtaka, ga kasuwar Kaneshie nan kusa. In babu kuɗin tiro-tiro, mutum zai iya takawa da ƙafa zuwa makaranta. Wannan ya ja hankalinmu.

Gidan mai ɗaki goma sha ɗaya ne, duk suna kallon tsakar gida ɗaya. Namu yana can kusurwa, an shafe shi da sabon fenti shuɗi har silin. Sidi 80 a wata, adibas na shekara biyu, sannan dillali ya karɓi kashi goma cikin ɗari na jimlar. Muka ƙirga kuɗi a kan tabarmar Hajiya, ta sa mana albarka. Ni da na ga sabon fenti sai na ɗauka alamar kulawa ce. Ban san cewa a Ankara Agusta wata ne da ruwan sama ke ɗan ɗagawa ba, kuma fenti ya fi kwano araha.

Sati bai zagayo ba muka gane kuɗin ɗaki somin-taɓi ne. Mitar wuta ɗaya ce ga gidan duka, irin wadda ake saya wa kati. Ana raba kuɗin ne bisa abin da kowa ya jona: ƙwan fitila maki ɗaya, fanka maki ɗaya, dutsen guga maki biyu. Duk ƙarshen wata sai an yi shari'a a tsakar gida a kan wa ke ɓoye abin dafa ruwa a ƙarƙashin gado. Mu ɗalibai kullum mu ne abin zargi, saboda ana ganin haske a ɗakinmu har tsakar dare. Alhali lokacin dumsor ne, wuta kan tafi ta yini ta kwana, mu yi karatu da kyandir, mu kuma biya kuɗin caji a shagon mai janareto. Famfon gidan ya daɗe da mutuwa, sai mu sayi ruwa a jarkokin nan rawaya da ake kira galan Kufuor. Bayan gida kuwa na haya ne a bakin layi, kowane shiga da kuɗinsa. Abokina, da yake lissafin kuɗi yake karanta, ya zauna wata rana ya haɗa komai, ya nuna mini cewa waɗannan ƙananan abubuwa sun kusa kai kuɗin ɗakin kansa.

Ruwan Oktoba ya tona asirin fentin. Ɗigo ɗaya ne da farko, a saitin ƙafar katifa, muka tara kofi. Kafin wata ya ƙare kofi ya zama bokiti. Na je na durƙusa na gaida Hajiya na faɗa mata. Ta ce, "In sha Allahu, ɗana, zan sa a kira kafinta." Na koma bayan sati biyu, ta ce kafintan ya yi tafiya. Na sake komawa, ta miƙo mini kwanon tuwo da miyar ayoyo. Da wane baki za ka yi wa wadda ta ba ka tuwo maganar kwano?

Abokina ne ya zo da labarin doka. Dokar haya ta Ghana, ta shekarar 1963, ta hana mai gida karɓar adibas da ya wuce na wata shida, kuma akwai ofishin gwamnati da ake kai ƙarar irin wannan. Ya ce mu je. Muka kwana muna shawara. Mu da kanmu muka miƙa kuɗin shekara biyu, don mun san in muka tsaya a kan wata shida akwai mutum goma a bayanmu da za su biya. Sannan a zango, yaro baƙo ya kai tsohuwa sa'ar kakarsa ƙara gaban hukuma, da wane ido zai shiga masallacin unguwa? A daren na fahimci abin da adibas ke yi wa ɗan haya. Wanda ke biya wata-wata yana da abin riƙewa a hannu, zai iya cewa a gyara kafin ya biya. Mu kuwa mun sallama namu tun ranar farko. An ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to amma in ya ƙi, kuturu ba shi da yatsun riƙe masa riga.

Haka muka lallaɓa har daren Laraba, 3 ga Yunin 2015. Duk wanda ke Ankara a lokacin ba zai manta daren nan ba. Ruwa ya sauko tun da yamma bai tsaya ba. Kwatocin unguwa, da ma a cushe suke da leda da tarkace, suka cika suka dawo da ruwa cikin gidaje. Namu ɗakin ta sama da ƙasa ya sha. Wajen ƙarfe goma silin ya jiƙe ya rufto, ruwan tsakar gida kuma ya tsallako dokin ƙofa ya kai mana gwiwa. Muka ɗora abin da za mu iya a ka, muka tsaya a kan benci a baranda tare da wata mai jego da jaririnta har asuba. Littattafaina na shekara guda suka zama kunu. Kwamfutar da na aro wurin wani ɗan ajinmu don aikin ƙarshen zango ba ta sake kunnuwa ba.

Da gari ya waye muka ji abin da ya faru a Kwame Nkrumah Circle, tafiyar 'yan mintuna daga inda muke. Gobara ta tashi a gidan man da jama'a suka fake wa ruwa, mutum fiye da 150 suka rasu a ambaliyar da wutar. Sai kowa ya yi shiru da kukan katifarsa. Amma bayan kwana uku, da na zauna na lissafa bashin kwamfuta da ke kaina, na tuna Mma tana tashi ƙarfe uku na dare tana dama koko, sai zuciya ta ɗebe ni. Na nufi ɗakin Hajiya ba tare da na yi niyyar durƙusawa ba.

Ban taɓa wuce labulenta ba sai ranar. Na tarar da ita zaune a kan kujera 'yar tsugune, robobi huɗu a jere a ƙasa, ana hango hasken rana ta ramukan kwanonta. Ɗakinta ya fi namu lalacewa. Duk maganar da na tsara sai ta tsaya mini a maƙoshi. Ita ta fara magana.

"Zauna, ɗana. Na san abin da ya kawo ka. Kana ganin kuɗinku yana ƙarƙashin matashina ko? Gidan nan na mahaifinmu ne, mu tara ya bari. Wasu na Kumasi, wasu na Legas, biyu sun rasu sun bar 'ya'ya. Ranar da kuka ƙirga kuɗin nan, kafin la'asar an raba shi kashi tara. Nawa kason asibiti ya cinye. In na ce a fitar da na gyara, kowa sai ya ce ai ba shi ke kwana a ciki ba. Ni ce mai gida a bakinku, amma tsaron gida kawai nake yi."

Ta yi shiru, sannan ta ce a zamanin mahaifinta wannan ɗakin namu na baƙi ne. Fatake masu goro da masu shanu daga arewa nan suke sauka, ya ba su masauki da abinci, ya ajiye musu kuɗi, ya nemo musu masu saye, ya ci ladansa a cikin ciniki. Ba a san kuɗin wata ba. Maganarta ta tuna mini abin da kakana ke ba mu labari na Salaga da Kumasi, inda kalmar mai gida ke nufin wanda ya tsaya wa baƙo. A kan wannan al'ada aka kafa zangunanmu, har da Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20. Kalmar tana nan a bakinmu, amma cinikin da ke ciyar da ita ya tafi. Abin da ya rage wa jikoki shi ne bango da kwano, sai kuma 'yan haya irinmu.

Na fito ba tare da na ce komai ba. Da daddare muka tara sauran 'yan haya. Wani direba ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Muka sami limamin masallacin layinmu, ya kira Hajiya da ƙaninta da ke Ankara, aka rubuta takarda a gabansa cewa duk abin da muka kashe a rufi za a cire shi daga adibas na gaba. Wani mai walda a cikinmu ya samo kwano na hannu, muka ɗauko kafinta, mu ɗalibai muka zama 'yan miƙo ƙusa. Kafin azumi ya kama a tsakiyar Yuni an rufe ɗaki biyar, har da na Hajiya, ko da yake ba ta da abin bayarwa. Ita ta riƙa aiko mana da kunun buɗa-baki har sallah.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin ya ƙare da daɗi. Da wa'adinmu ya cika a 2016, ƙanin nan ya zo da takardarsa. Ya amince zai cire kuɗin gyara kamar yadda aka rubuta, amma ya ce ɗaki ya koma sidi 130, tunda yanzu ba ya yoyo. Wato mun gyara masa gida, ya sayar mana da gyaran. Hajiya ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba. Abokina ya koma kwana a shagon wani ɗan garinsu, ni kuma na ƙarasa shekarar ƙarshe a Maamobi, mu huɗu a ɗaki ɗaya. Bashin kwamfuta sai da na fara aiki na gama biya. Mma ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Tun daga lokacin abubuwa sun ƙara tsanani. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 50 cikin ɗari, kuɗin haya ya bi sahu. A farkon 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin ba 'yan haya rancen adibas, sai dai an tsara shi ne don masu albashi ko wata tabbatacciyar hanyar samun kuɗi. Ɗalibin da ke jiran adashin uwarsa ba ya cikin wannan lissafi.

Bana ƙanwata ta sami gurbin karatu a Ankara, ni na raka ta neman ɗaki. Na ƙi zuwa sai ranar da aka kwana ana ruwa. A kowane gida na duba gindin bango ko akwai layin da ambaliya ta bari, na ƙwanƙwasa silin da sanda, na ƙirga ɗakunan da ke kan mita ɗaya. Na ja wani ɗan haya gefe na tambaye shi inda ke yoyo, domin shi ya sani. Sannan na tambayi mai gidan su nawa ne magada, kuma wa ke da ikon cewa a gyara. Dillalin ya gaji da ni har ya ce ko ni ma dillali ne.

A hanyar dawowa na bi da ita ta Abossey Okai. Hajiya ta rasu shekaru uku da suka wuce, Allah ya jiƙanta. An sayar da gidan an raba kuɗin, yanzu sito ne na tsofaffin injinan mota. Na leƙa ta ƙofa. Kwanon da muka buga yana nan a kan kusurwa, ya yi tsatsa, amma mai gadin ya ce duk gidan nan ne kaɗai ruwa ba ya zuba, shi ya sa yake shimfiɗa tabarmarsa a wurin.