Adon Bakin Ruwa a Ɗakin Jinyar Yara

'Yan'uwa mata, jinyar jikana ce ta zaunar da ni kwana shida a wani asibiti a ƙasar Yawuri, yaro na kallon farin bango yana kuka. Da aka sallame mu na sauka bakin ruwa a Yelwa, na ga ƙwarya mai zane da faifai mai launi. Haka na gani har Wara ta Ngaski, gefen tafkin da madatsar Kainji ta tara tun 1968.

Me zai hana a ɗora wannan ado a bangon ɗakin yara? Igiyar ruwa shuɗiya, dagi, ganyen albasa, ba sai da hoton mai rai ba. A sa fentin mai, don yana wankuwa. In ido ya sami abin kallo, kuka yakan ragu. Ƙungiyoyinmu na mata, ga aikin lada. Allah Ya ba yaranmu lafiya.