Nassarawa GRA: Unguwar da Darasin Tarihi Ke Kan Titi

 Da yawa daga cikinku kan ce darasin tarihi haddar shekaru ne kawai da sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa a ƙasashen da ba ku taɓa zuwa ba. To, yawonmu na wannan mako zai kai mu Nassarawa GRA da ke Kano, inda tarihin Kano da na Najeriya da na Turai suka haɗu a unguwa ɗaya da za a iya zagayawa da ƙafa.

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne faɗin tituna, da manyan itatuwa, da gidaje masu fili. Sam ba ta yi kama da lungunan cikin birni ba, kuma akwai dalili. Kafin zuwan Turawa, wannan yanki gandun Sarkin Kano ne a wajen ganuwa. A taron Balin na ƙasar Jamus, tsakanin 1884 da 1885, ƙasashen Turai suka shata ƙa'idojin rabon Afirka. Sakamakon wannan zama ya iso Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin da sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka ci birnin a zamanin Sarki Alu. Daga baya Turawan mulki suka kafa gidaje da ofisoshinsu a nan gabas da birni. Dokarsu ta 1917 ta ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don gudun cizon sauro. Kun ga ke nan, abin da kuka karanta a babin mulkin mallaka, shi ne ya tsara titin da kuke bi a cikin A-Daidaita-Sahu.

Sunayen titunan ma darasi ne. Akwai wanda aka sa wa sunan Alu, sarkin da ya ƙi miƙa wuya. Akwai na Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa, da na Audu Baƙo, gwamnan farko na Jihar Kano da aka ƙirƙira a 1967. Duk allon titin da kuka gani, ku tambayi kanku: wane ne wannan, kuma me ya yi?

Babban zangonmu shi ne Gidan Ɗan Hausa, ba nisa da Gidan Gwamnati. Ginin ƙasa ne irin namu, mai katanga mai kauri da zanen magina a jikin bango, ɗakunansa da sanyi ko da rana ta take. A yau Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce ke kula da shi. Wanda ake kira Ɗan Hausa wani Bature ne mai suna Hanns Vischer, haifaffen birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876, wanda ya yi wa Ingila aiki. Ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Borno a 1906, ya kuma iya Hausa sosai har aka raɗa masa wannan laƙabi.

A nan Nassarawa, a 1909, Vischer ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa. An koyar da malamai da 'ya'yan sarakuna karatu da rubutu da lissafi da labarin ƙasa, an kuma yi sashen sana'o'in hannu. Da Hausa ake koyarwa. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko. Wato rubutun da kuke karantawa yanzu a wannan shafi yana da saiwa a wannan gida, ko da yake an ƙara haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ daga baya. Amma kada ku ɗauka daga nan ilimi ya fara a Kano. Ɗaruruwan shekaru kafin haka malamai na rubutu da Larabci da Ajami, kuma tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Magili ya zo ya rubuta wa sarki littafi kan tafiyar da mulki.

Me ya raba Ɗan Hausa da makarantarsa? Yaƙin Duniya na Ɗaya da ya ɓarke a Turai a 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu. Harbin da aka yi a Sarayebo ya taɓa aji a Kano. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai tambayar amfanin karanta tarihin duniya.

To, ina batun tatsuniyoyi da labaran kafuwar garuruwa? A makaranta kun ji labarin Bayajida da ya kashe maciji a rijiyar Kusugu a Daura, da na Barbushe da tsafin Tsumburbura a kan Dutsen Dala. Wasu ɗalibai kan yi dariya su ce namu ƙanzon kurege ne, na Turawa kuwa tarihi. Ba haka ba ne. Rumawa sun ce tagwaye biyu, Romulus da Remus, waɗanda kyarkeci ta shayar, su ne tushen birnin Rum a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Girkawa kuma suna da jaruminsu Faseyus da ya kashe dodon teku ya auri 'yar sarki, kusan yadda Bayajida ya auri sarauniya. Kowace al'umma tana da labarin da take bayyana asalinta da shi.

Aikin ɗalibin tarihi shi ne ya tambaya: ina shaida? Turawa sun daɗe suna ɗaukar birnin Turoyi na waƙoƙin Girkawa a matsayin almara, sai a shekarun 1870 wani Bajamushe, Heinrich Schliemann, ya yi tono a ƙasar Turkiyya ya gano kangon tsohon birni. Haka a Kano, masu binciken ƙasa sun gano alamun narkar da ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Wannan bai tabbatar da kowace kalma ta labarin Barbushe ba, amma ya nuna mutane sun zauna a wurin tun kafin Bagauda, wanda littafin Tarihin Kano ya ce ya fara sarauta a 999. Shi ma littafin da Larabci aka rubuta shi a nan gida, kafin wani jami'in mulkin mallaka, H. R. Palmer, ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Don haka a kullum ku tambaya: wa ya rubuta, yaushe, kuma me yake so a yarda da shi?

Kafin mu bar unguwar, mu tsaya a Gidan Sarki na Nassarawa, inda aka binne Sarki Ado Bayero a watan Yunin 2014. Sunan unguwar ne kuma aka ba Hawan Nassarawa, wanda a lokacin bikin Sallah sarki kan fito daga birni ya ziyarci Gidan Gwamnati, al'adar da ta samo asali daga gaisuwar Razdan a zamanin Turawa. Duk wanda ya taɓa kallon wannan hawa ya ga tarihi da idonsa.

An yi shekaru ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, sai a 2022 gwamnati ta ƙaddamar da dawo da shi. Ku da kuka samu wannan dama, kada ku bar shi a cikin littafi. Ku roƙi malaminku ya shirya muku ziyara zuwa Gidan Ɗan Hausa, ku ɗora da Gidan Makama da Dutsen Dala. Ku tafi da littafin rubutu da biro, kowa ya shirya tambayoyi uku. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.