Layin manya a titin jirgin Katsina

Daura ba ta da filin jirgin fasinja. Babban baƙon da zai zo fadar Sarki, in ba helikwafta ce ta ɗauko shi ba, Katsina yake sauka a filin Umaru Musa 'Yar'aduwa, sannan ya biyo mota kusan kilomita 80. Ta nan gawar Muhammadu Buhari ta biyo ranar Talata 15 ga Yuli 2025, kwana biyu bayan rasuwarsa a Landan. Shugaba Tinubu ya tarbe ta a Katsina, aka rufe shi da yamma a cikin gidansa na Daura. Da jama'a suka watse, ni aka ɗora wa mayar da wani baƙon gidanmu filin jirgi.

A hanya, wanda ya fi jiniya shi ke da kwalta. Sau nawa aka tura mu gefe, ban ƙirga ba. Muna isa filin sai na tarar da duk waɗanda suka ture mu sun yi cirko-cirko, jiragensu jere a wurin ajiya, fitilu na walƙiya, ƙarar inji ta cika kunne, warin man jirgi har maƙogwaro. Titin tashi ɗaya ne, kuma ba ya ɗaukar jirgi biyu lokaci guda.

Wani hadimi mai wayoyi biyu a hannu ya tsaya kusa da ni yana ta huci.

"Baba, wai me ake jira ne? Oga ya shiga tun ɗazu!"

Na ce, "Ɗana, na gabansa ake jira ya ba da tazara."

Ya dube ni sama da ƙasa. Bai san a kwalejin jiragen sama ta Zariya na yi karatu ba, kuma a ɗakin kula da sararin sama na Kano na ci ƙuruciyata har na yi ritaya. Ko ban ji rediyo ba, na san abin da yaron da ke hasumiya yake fama da shi. Babban jirgi in ya ɗaga, fukafukansa na barin guguwa biyu a kwance a bayansa, ido ba ya ganinsu, amma suna iya kifar da ƙaramin jirgi. Shi ya sa ake riƙe na baya minti 2, ko 3 in daga tsakiyar titi zai taso. Ga kuma babbar matsalar daren: akasarinsu Abuja suka nufa. Da wani zai yi gabas wani yamma, hanyoyinsu su rabu da aƙalla digiri 45 suna ɗagawa, minti ɗaya ya isa. Amma in hanya ɗaya ce, kuma na baya zai ratsa tsayin da na gaba yake, ƙa'ida ta ce minti 5 a inda ba a raba su da rada. Jirgin haya mai gudun tsiya a bayan mai farfela, ai kafin a je ko'ina ya taka masa dunduniya. Shugaban ƙasa ake share wa sama; gwamna da minista da attajiri kowa bin layi yake.

Abin da hadimin ba zai taɓa gani ba shi ne miƙa jirgi. Yadda a ƙasar Daura mai unguwa ba ya sakin baƙo sai ya danƙa shi hannun dagaci, dagaci ya kai shi ga hakimi, haka ba a barin jirgi ko daƙiƙa ɗaya babu mai shi. Tun yana ƙasa hasumiya ke kiran Kano: jirgi kaza, zai bi hanya kaza, yana neman tsayi kaza. Sai Kano ta duba abin da ke sama ta ce ta karɓa, ko ta ce a dakata. In ya ɗaga, a gaya wa matuƙi ya koma mita kaza. Dole ya maimaita lambar da bakinsa, kai kuma ka kasa kunne, don lamba ɗaya in ta sauya, jirgi ya shiga sama yana magana da iska.

A zamaninmu kowane jirgi yana da 'yar takarda doguwa da ake sokewa a allo, mu rubuta tsayinsa da lokacin da zai wuce kowace alama, da agogon duniya mai bayan namu da awa ɗaya. Har yau yatsana na tsakiya da kantar biro. Rada mai rufe ƙasa baki ɗaya sai a 2010 aka ƙaddamar da ita, kuma ban ƙi ta ba, amma yaran da suka koyi aiki a kanta ina so a riƙa kashe musu allo lokaci-lokaci a ga ko hoton sama na zaune a kansu.

Wuya tana wajen iyaka. Daga Daura zuwa Kwangwalam ɗan taƙi ne, kuma jirgin da ya tashi Katsina ya yi arewa, 'yan mintoci ne ya shiga hannun Yamai, inda ma'aikatan hukumar kula da sararin sama ta ASECNA ke aiki. A ranar ma Firaministan Nijar Ali Lamine Zeine na cikin masu jana'iza. Jirgin alhazai kuwa, in ya yi gabas zuwa Jidda, Injamena muke miƙa wa. Da damina hadari kan katse layi, ka yi ta kira shiru. Sai ka roƙi wani matuƙi da ke can sama ya isar musu da saƙo, ka ba naka matuƙin umarni ya kira su tun bai kai iyaka ba. In kuwa jirgin bai bar ƙasa ba tukuna, ba ka sake shi sai ka ji amsa, ko waye a ciki.