Abin da na zano a Jenne

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a 2009 na cika shekara 60. Maimakon in yanka rago, sai na sayar da shi, na haɗa da kuɗin wake, na tafi ƙasar Mali ganin masallacin Jenne. An gina shi a 1907. Duk duniya babu ginin ƙasa da ya kai shi girma.

Ranar Litinin, ranar kasuwa, na zauna gabansa da takarda da fensir. Mai zane ba ya gaggawa, dole ya duba komi. Na zana hasumiya 3, kowace da ƙwan jimina bisa kanta. Da na zo ga azarar da ke fitowa daga bango, sai na tambayi wani magini amfaninta. Ya ce ita ake takawa ranar yaɓe. Kowace shekara gari duka ke fitowa gayya: maza su ɗauko laka, mata su kawo ruwa.

Ashe ginin ƙasa ba ya mutuwa in da masu yaɓe. A ƙauyenmu rumbuna sun zube don an bar su. Kafin damina, mu kira gayya mu yaɓe namu.