Ƙotar Bindigar Kakana

Abin da ya rage mana na bindigar kakana ƙota ce kawai. Ƙarfen ya tsage a hannun yayana wani dare cikin Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako, yana gadin ƙauyenmu a ƙasar Tsafe. Wannan daren ya tsira da ƙuna a hannu, amma bayan wata biyu aka tare shi a gona, sai gawarsa aka kawo. Da muka yi hijira zuwa Gusau, Inna ta naɗo ƙotar cikin tsohon zane, ta tura ta ƙarƙashin gado, ba ta sake ambatonta ba.

A hunturun da ya wuce na ciro ta. Baƙa ce wuluk, domin Yaya ya shafe ta da baƙin fenti ko ɓarayin daji za su hango ta cikin duhu su zaci irin tasu ce. Na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce, “Ɗana, maɗaci ne. Kada ka bari inji ya taɓa shi. Kankare da hannunka, ka bi tsawon itacen, kada ka gicciye shi.”

Haka na yi a tsakar gida, kullum bayan La'asar. Na fara da fasasshiyar kwalba ina kankare fentin, sannan samfefa mai kaushi, sannan mai laushi. Tsagar da ke gindin na cike ta da gam da dusar katako, na ɗaure da robar tayar keke har kwana biyu. A rana ta huɗu jan itacen ya bayyana, tare da abin da fenti ya binne: wani ɗan kwarmi mai santsi, daidai inda babban yatsan Kaka ya yi shekaru yana zama, da sawun igiyar da ya ɗaure layarsa.

Kaka maharbi ne daga gindin dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bungudu. Bindigar toka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda, harbi ɗaya sai an sake ɗuri. Wanda yake da harbi ɗaya tak ba ya gaggawa. Na taso ina jin sharuɗɗansa: ba ya harbin dabba mai ciki, ba ya shiga da ita gidan mutane a ɗure, ba ya nuna bakinta ga ɗan Adam ko da wasa. Naman da ya kawo kuwa, har rugar Fulanin da ke bayan gari ake kai wa, su aiko da nono.

Ina cikin gogewa ɗana mai shekara tara ya tsaya a kaina ya ce, “Baba, in ka gama mutum nawa za ta kashe?” Samfefar ta faɗi daga hannuna. Yaron bai taɓa ganin gada ko barewa ba, bai san bindiga tana da wani aiki ban da wannan ba. Kuma ina laifinsa? A Yunin 2022 gwamnatin jiha da kanta ta ce jama'a su nemi izinin mallakar bindiga don kare kai. A Janairun 2024 aka ƙaddamar da Askarawan Zamfara a nan Gusau. Ba na zargin wanda ya tsaya a bakin garinsu. Yayana yana cikinsu. Amma mun yi maganar wa zai riƙe makami, mun manta da maganar tarbiyyar da a da ake miƙa wa mutum kafin a miƙa masa ƙota.

Wani maƙwabcina ya ce ya san maƙerin da zai yi mata sabon ƙarfe. Na kwana biyu ina juya maganar, domin tsoro ba ƙarya ba ne, kuma har yau gabana faɗuwa yake in zan bi hanyar Tsafe. Daga ƙarshe na ƙi. Banish ma da na saya ban buɗe ba. Na narka man kaɗanya, na kira yaron, muka riƙa murza shi da tafin hannu kaɗan-kaɗan har mako guda, muna rufe ta saboda ƙura. Kowace rana ina gaya masa sharaɗi ɗaya na kakan ubansa.

Ranar da muka gama, Inna ta karɓa, ta sa yatsanta cikin kwarmin nan, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, “Rataye ta inda yara za su gani.”

Tana nan a bangon zaure, babu ƙarfe babu kunama. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya dawo mana da daji da gonakinmu lafiya.