Fiyanon da ya cinye akuyar Umma

Ina SS2 na ga abin da ya hana ni barci. Bikin 'yar kawuna ake yi, aka ɗauko mawaƙi. Kunnena yana jin ganga da bes da sarewa, sai na zagaya bayan rumfa in ga makaɗan. Mutum ɗaya na tarar, zaune gaban fiyano, yana ta kiɗa har yana amsa gaisuwar mutane da ka. Hannunsa na hagu ya danna madannai uku ya saki, ganga da bes su bi shi. Na dama kuma yana bin muryar mawaƙin. Ranar na koma gida ban ko tsaya cin shinkafar bikin ba.

Daga baya na fahimci irin wannan fiyano daban yake. An raba madannansa biyu. Ɓangaren hagu umarni yake karɓa: ka zaɓi salon kiɗa, wanda a jikin na'urar ake rubuta Style, ka danna haɗin madannai, sai ya tayar maka da cikakkiyar ƙungiya. Ka canja haɗin, su canja tare da kai. Akwai maɓallin buɗe waƙa, akwai na ɗan juyin ganga a tsakiya, akwai na rufewa. Da irinsa aka yi ɗimbin waƙoƙin fim da na biki da na bege da muka tashi muna ji daga situdiyoyin Kano.

Na shafe hutu biyu a shagon ɗinkin yayana ina guga da sa maɓalli, kuɗin bai kai ko'ina ba. Baba tun farko ya ce babu ruwansa da kiɗa. Umma ce ta kira ni ɗaki wata rana bayan isha'i, ta ce ta sayar da jar akuyarta. "Ga shi, amma da sharaɗi. Ranar da na ga sakamakonka ya yi ƙasa, ranar abin nan zai bar gidan nan." Na ce, "Na yarda, Umma," kafin ma ta rufe baki.

Washegari na tafi kasuwa ni kaɗai, ban shawarci kowa ba. A wani shago na ga ɗan kwatano na Yamaha, ya ɗan koɗe, an ce kuɗina bai kai ba sai na ƙara. Kusa da shi ga wani sabo fil a kwali, sunan da ban taɓa ji ba, madannansa har wuta suke kawowa, an rubuta yana da sauti ɗari biyar. Mai shagon ya danna maɓalli ɗaya, abin ya kama kiɗa da kansa. Na biya, har da canjin kuɗin mota. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma ranar ko a jikina.

Asirina ya tonu ne ranar ba da kyaututtuka ta makarantarmu. Ni aka ba kiɗan waƙar da 'yan ƙungiyar Hausa za su yi. Mai kayan sauti ya miƙo mini waya ya ce in jona, na juya bayan fiyanon, babu ramin da za ta shiga. Ramin adafta ne kawai da wani ɗan ƙarami na abin sa wa kunne. Dole aka kara makirufo a kan sifikarsa, kuka ya cika zauren, iyaye suna toshe kunne. Da aka lallaɓa aka fara, sai salon da na zaɓa ya ƙi tafiya da waƙar, domin waƙar tafiyar uku-uku take irin ta kalangu, shi kuma hurhuɗu yake bugawa kamar faretin 'yan sanda. Ana tsakiyar haka aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta duk abin da na saita ya goge. 'Yan matan suka ƙarasa waƙarsu da tafi, kuma wallahi ta fi daɗi a haka. Umma tana layi na uku. Ba ta ce mini komai ba har muka isa gida, kuma shirun nan ya fi mini zafi a kan faɗa.

Bayan mako biyu na ɗauki fiyanon na kai wa wani dattijo mai situdiyo a unguwarmu, wai ko zai gyaru. Bai ko kunna shi ba. Ya juya shi ya nuna mini bayansa ya ce, "Yaro, daga nan ake fara sayen fiyano." Na ce, "Baba, ai sauti ɗari biyar gare shi." Ya ce, "Guda nawa ka yi amfani da su?" Na lissafa, ban wuce shida ba.

Ƙannena, abin da na koya a shekara biyun da na yi ina share masa situdiyo shi nake so ku sani kafin kuɗin wani ya shiga hannunku.

Ramukan baya su ne ke faɗa maka inda fiyano zai iya zuwa. In wasa za ka yi a gaban jama'a, nemi manyan ramuka biyu da aka rubuta L da R, su ne ke kai sauti miksa ko amfilifaya. Ƙananan fiyano da yawa, kamar Yamaha PSR-E373 da ya fito a 2020, rami ɗaya suke da shi na kunne da na fita a haɗe. Yana yi, amma sai ka nemi wayar da ta dace ka riƙa yawo da abarka. Yayansa, PSR-E473, yana da L da R daban, yana kuma da ramin makirufo.

In kuma ɗaukar waƙa kake so ka yi a ɗakinka, ramin USB za ka duba, kuma iri biyu ne. Ɗaya na filashi ne, wanda a wasu fiyanon kake naɗar abin da ka kaɗa kai tsaye. Ɗayan na kwamfuta ne, kuma nan mutane ke ruɗewa. Wani fiyanon MIDI kawai yake aikawa, wato ba sautin ba, bayanin abin da yatsunka suka yi: wane madanni ka taɓa, da wane ƙarfi, tsawon wane lokaci. Amfaninsa shi ne in ka yi kuskure sai ka gyara a manhaja irin su FL Studio ba tare da ka sake kaɗawa ba. Wani kuma yana aika sautin kansa ta wannan wayar, kamar E373 ɗin nan, sai ka naɗa da Audacity, wadda kyauta ce, ba ka sayi wata na'ura a tsakani ba. Ga ɗan makaranta wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai madannai. Cikakken fiyano irin na katako 88 gare shi, amma 61 sun ishe ka, kuma su ne za ka iya ɗaurawa a bayan babur. Abin da ba a sasantawa a kansa shi ne su riƙa jin hannu: ka taɓa a hankali ya yi a hankali, ka buga ya yi ƙara. Nawa na farko ko shafa shi ka yi, ko duka, ihu ɗaya yake yi. In na hannu za ka saya, bi madannan ɗaya bayan ɗaya, kowanne sau biyu, da sanyi da ƙarfi. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashinsu, sai ka tarar wani ya mutu, wani kuma sai ihu. Kada kunyar mai shago ta hana ka, ko minti talatin za ka ɗauka.

Akwai kuma lambar da ba a cika rubutawa da manyan haruffa a kwali ba, ta yawan sautin da fiyano zai iya riƙewa a lokaci guda. E373 yana riƙe 48, E473 yana riƙe 64, PSR-SX600 kuma 128. Salon kiɗa shi kaɗai yana cin kaso mai yawa, don haka in lambar ta yi ƙasa za ka ji wasu sautuka suna yankewa da zarar kiɗa ya cika.

Amma abin da ya fi damuna shi ne salon. Waɗannan na'urori ba don mu aka ƙera su ba. Za ka tarar da kiɗan rawar Turawa da na Latin Amurka birjik, na Larabawa ma har fiyanonsu na musamman ake yi musu, irin su PSR-A3000, amma kiɗan kalangu ko na kotso sai ka koya masa da kanka. Saboda haka tambaya ta farko ita ce: zan iya ƙirƙirar salona a ciki, ko aƙalla in loda wanda wani ya yi? Manyan Yamaha na jerin S da SX da Korg na jerin Pa suna ba ka dama ka gina salo, ka ɗora ganga, ka ɗora bes, ka adana. Makaɗan situdiyo da haka suke aiki, kowa da filashinsa yana ɓoyonta kamar laya. In kuɗinka bai kai nan ba, kafin ka biya ka nemi salon da aka rubuta 6/8 ka rera waƙar da ka sani a kai. Ga wata dabara kyauta: baƙaƙen madannai biyar-biyar suke, kuma waƙoƙinmu da yawa a kan sauti biyar suke tafiya. Gwada bin waƙar gaɗa a kansu kawai, za ka yi mamaki.

Maganar wuta ba sai na tsawaita ba, kun san ƙasarmu. Ƙananan suna aiki da batir shida, manyan sai da lantarki. Nemi mai ma'ajiyar shiri, inda maɓalli ɗaya zai dawo maka da salo da sauri da sautin da ka tsara. Ka karanta jikin adafta, domin wani ɗan kwatanon daga Amurka yake inda wutarsu 120 ce, tamu kuwa 230. Kada kuma ka ari adaftar wani don kawai bakinta ya shiga.

Ni dai da na sake tara kuɗi, PSR-S670 na hannu na saya, ƙirar 2015. Ba shi da ramin makirufo, ba ya cin batir, gefensa ma a fashe yake an liƙe. Na ɗauke shi ne don yana gina salo, yana naɗa a filashi, yana da L da R. Wannan karon tare da Baba mai situdiyo muka je, ya sa na zauna a shagon har aka kira la'asar ina gwaji.

Na cika sharaɗin Umma, na fita da sakamakon da bai ba ta kunya ba. Kuɗin bikin farko da na yi wa kiɗa na haɗa da na biyu da na uku, na je kara na sayo akuya. Ja na nema ban samu ba, sai fara mai baƙin kunne. Umma ta zagaya ta, ta duba haƙoranta, ta ce waccan ta fi ta girma, sannan ta ɗaure ta a turken. Tsohon fiyanon yana nan a saman durowa, 'ya'yan yayana suna wasa da shi idan sun zo hutu. Har yanzu madannansa suna kawo wuta.